Yadda Ake Nemo Akwatunan Hatimi da Za a Farauta a Tafiyar Ƙarshen Mako

Tun ranar da na nuna wa wasu abokai littafina mai cike da hatimai kala-kala, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini, musamman daga 'yan uwanmu da karatu ko aiki ya kai Ingila da Amurka: idan mutum zai bar gari Asabar da Lahadi, ta yaya zai san inda akwatunan suke?

Ga wanda bai taɓa ji ba, sunan wasan letaboksin. Wani ne zai ɓoye ƙaramin akwatin roba a kogon bishiya ko ƙarƙashin dutse, cikinsa da hatimin roba da ɗan littafi, sannan ya rubuta kwatance. Kai kuma ka bi kwatancen, ka buga hatiminsa a littafinka, ka buga naka a nasa, ka mayar da akwatin inda ka same shi. Duk da sunan na nufin akwatin wasiƙa, babu wasiƙa a ciki, babu kuɗi. A Dartmoor, wani gandun tuddai da ke yankin Devon na Ingila, aka fara shi a 1854, ya tsallaka Amurka da ƙarfi a 1998. Iyakar tarihin da kake buƙata ke nan.

Abin da na koya da wahala shi ne, a kan teburin gida ake cin wannan farauta, daren Laraba ko Alhamis. Wanda ya bar neman kwatance sai ya isa masauki, yawanci yawo kawai yake sha.

1. Tsayar da masauki tukuna

Kada ka fara da neman akwati. Fara da garin da za ka kwana, sannan ka yanke wa kanka iyaka: abin da bai wuce tafiyar minti 30 zuwa 40 a mota daga masauki ba. Duk akwatin da ya fita wannan da'ira, komai kyan hatiminsa, a bar shi sai wata tafiyar.

Idan ba ka da mota, iyakar ta ƙara matsewa. Zaɓi garin da jirgin ƙasa ke shiga kuma daji ke kusa da tasha. Misali, tun Nuwamban 2021 jirgi ya dawo zirga-zirga kullum tsakanin Exeter da Okehampton, tafiyar kusan minti 40, kuma daga Okehampton da ƙafa ake hawa arewacin Dartmoor.

Gargaɗi: motocin bas na ƙauyukan Ingila suna raguwa ƙwarai ranar Lahadi, wasu layukan ma ba sa fita sam. Duba jadawalin Lahadi daban, kada ka ɗora shi a kan na Asabar.

2. Wuraren da ake samun kwatance

A Amurka da Kanada, shafukan intanet biyu ne ke riƙe da yawancin kwatancen. Na farko Atlas Quest, wanda aka buɗe a 2004, na biyu Letterboxing North America, wanda ya girme shi. Yin rajista kyauta ne. Ka rubuta sunan garin da nisan da ka yanke, jerin akwatuna zai fito. Duba duka biyun, domin akwai akwatin da ke wannan ba ya wancan, wani lokaci kuma kwatancen da ke ɗaya ya fi na ɗayan sabunta.

Wuri na uku shi ne shafin Geocaching. Wasansu daban ne, su da lambobin GPS suke aiki, amma suna da rukunin akwatuna masu ruwa biyu da ke ɗauke da hatimi a ciki. A garin da jerin Atlas Quest ya fito da abu biyu ko uku kacal, wannan rukuni ne ke cike maka rana.

Dartmoor kuwa tafiyarta daban. Akwatunan da ke can dubbai ne, amma mafi yawan kwatancensu ba ya intanet. Akwai kundin kwatance da ƙungiyar da ake kira 100 Club ke fitarwa, wadda a al'adance sai wanda ya samo akwati 100 ke shigarta. Masu wasan suna taro sau biyu a shekara, a ranakun da ake sauya agogo, wato Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba. A wurin taron ake sayar da takardun kwatance na zagayen da aka shirya don tara wa ƙungiyoyin agaji kuɗi, kowace takarda 'yan fam kaɗan. Ga sabon shiga babu abin da ya kai wannan takarda: akwatuna goma ko fiye a zagaye ɗaya, an jera su bi da bi, kuma ba a daɗe da ajiye su ba. Idan tafiyarka ba ta dace da taron ba, shiga cibiyar baƙi ta gandun ka yi tambaya, matambayi ba ya ɓata. Wasu shagunan shayi da masaukai ma suna ajiye akwati a bayan kanta, sai ka tambaya a miƙo maka.

Gargaɗi: a Atlas Quest za ka ga wasu akwatuna da kwatancensu a kulle, sai wanda ya riga ya samo wani adadi zai iya buɗewa. Ba laifin wayarka ba ne. Wuce su.

3. Tace jerin

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane ke gaggawa. Jerin zai iya fito maka da akwati 60, amma rabinsu ƙila sun daɗe da ɓacewa. Ruwa ya ja wasu, masu yankan ciyawa sun kwashe wasu, wasu kuma bishiyar da aka ɓoye su ta faɗi tun shekaru.

Abu na farko da za ka duba a kowane akwati shi ne ranar da aka same shi na ƙarshe. Ƙa'idata ke nan: wanda aka samu cikin shekara ɗaya, ya shiga sahun gaba. Wanda ya kai shekara biyu zuwa uku, zan neme shi ne kawai idan yana kan hanyata. Wanda ya haura haka, sai idan wurin da kansa ya cancanci zuwa ko da babu akwati. Sannan karanta bayanan da masu nema suka bari. Idan mutum uku a jere sun rubuta cewa sun nema ba su gani ba, kada ka ɗauka ka fi su ido.

Na taɓa yin tuƙin awa biyu saboda wani hatimi da aka yi ta yabon sassaƙarsa. Na isa na tarar an share wurin an yi filin ajiye motoci. Da na dawo na sake duba shafin, ashe shekara biyar rabon da wani ya ce ya gan shi. Bayanin yana nan a gabana tun farko, kwaɗayi ne ya hana ni karantawa.

Abu na biyu, nemi jerin gwano. Wasu masu ɓoyewa suna ajiye akwati huɗu, shida ko goma a kan hanya ɗaya, da hatimai masu jigo ɗaya. Ajiye mota sau ɗaya ka samo biyar ya fi ka ajiye ta sau biyar ka samo uku.

Abu na uku, duba alamomin da ke gefen sunan akwatin: nisan tafiyar ƙafa, ko ana biyan kuɗin shiga wurin, ko sai da kamfas, ko a cikin gini yake kamar ɗakin karatu ko shago. Na cikin gini yana da lokacin buɗewa, kuma da yawa a rufe suke ranar Lahadi.

Akwai kuma waɗanda ba a faɗi ko garin da suke ba, sai ka warware kacici-kacici kafin ka san jihar ma. Suna da daɗi, amma ba na baƙon kwana biyu ba ne.

A ƙarshe ka tsaya a kan takwas zuwa goma sha biyu na kwana biyun, ka ƙara uku ko huɗu na ko-ta-kwana kusa da masauki. Idan da yara a tafiyar, raba wannan adadi biyu, kuma ka sa mafi tabbas a farko. Yaron da ya nemi biyu bai samu ba, ba za ka sake jin daɗinsa ba ranar.

Gargaɗi: gandun dajin gwamnatin tarayya na Amurka galibi ba sa yarda a ajiye akwati ba tare da izini ba, kuma ma'aikata na kwashe wanda suka gani. Idan kwatance ya kai ka cikin irin wannan gandu, ko ya ce ka tsallake shingen gonar wani, cire shi daga jerin.

4. Karanta kowane kwatance tun a gida

Karanta shi daga farko har ƙarshe, da taswira a buɗe. Abin da kake nema shi ne mafari: ina ake ajiye mota, wace ƙofa ake shiga, wace hanya ake ɗauka. Yawancin ɓatan da ake yi ba a ƙarshen kwatance yake ba, a farkonsa yake. Filin shaƙatawa mai ƙofa uku, ka shiga ta wadda ba ita ba, duk "dama" da "hagu" da ke takardar sun juye.

Idan akwai lissafi ko rubutun sirri da za a warware, warware shi yanzu da shayi a hannu, ba a tsaye cikin ruwan sama ba. Wasu kwatancen kuwa sai an je wurin, misali a ce ka ɗauki shekarar da ke jikin wani allon tarihi ka cire mata wani adadi, abin da ya rage shi ne digirin kamfas. Yi wa irin waɗannan alama, ka bar fili a takarda don lissafi.

Sannan ka buga komai a takarda, kowane akwati da shafinsa, ka jera su yadda za ka bi su, ka sa cikin leda.

Gargaɗi: kada ka dogara da waya. A kwarurrukan Dartmoor da dazuzzukan Amurka sabis na ɗaukewa, sanyi kuma na shanye batir da sauri. Takardar tana da wani amfanin: ranar da mai gadi ko ɗan sanda ya ga baƙo yana laluben ƙarƙashin gada ya tambaye ka me kake yi, ita za ka miƙa masa. Magana ta ƙare a minti ɗaya.

5. Kaya da kuɗinsu

Kayan wasan kansu ba su da tsada. Littafi marar layi mai takarda mai kauri, don kada tawada ta huda zuwa baya, ƙasa da fam 10. Soson tawada, fam 3 zuwa 6 kowane, ka ɗauki baƙi da wani launi ɗaya, domin yawancin akwatuna ba a sa musu tawada. Biro ko fensir. Kamfas mai faranti da lambobi 0 zuwa 360, tsakanin fam 10 da 30. Ga mai zuwa Dartmoor, taswirar Ordnance Survey, hukumar taswira ta Birtaniya, mai lamba OL28 dole ce, ta takarda ba ta kai fam 15 ba, mai rufin leda ta ɗan fi. A lissafina fam 60 ta ishe ka duka, kuma sayen sau ɗaya ne. Kuɗin gaske yana wurin mai, masauki da ajiye mota.

Ƙara da safar hannu, sanda, tsumma, 'yan ledoji masu zif, tocila, ruwan sha, rigar ruwa da takalmi mai rufe idon sawu.

Gargaɗi: kada ka sayi tawadar da ba ta bushewa da wuri, irin mai maiƙo da ake yin katin gaisuwa da ita. Za ka rufe littafi ta manne a shafi na gaba, ka ɓata naka, ka ɓata na mai akwati.

6. Hatiminka da laƙabinka

Kowane mafarauci yana da laƙabi da hatimi nasa, su ne sa hannunsa. Ana iya sayen na kanti, amma masu wasan sun fi girmama wanda mutum ya sassaƙa da hannunsa, ko da ya karkace. Farar robar goge fensir da ƙaramar wuƙar sassaƙa sun isa. Zana hoton a takarda da fensir mai laushi, kifa shi a kan robar, goga bayansa da farce, zanen zai koma jikinta a juye, sai ka sassaƙe duk inda babu baƙi. Idan ka zana kai tsaye a kan roba, rubutunka zai fito a birkice. Nawa na farko haka ya fito, kuma yana nan a littattafai huɗu da ba zan iya zuwa in goge ba.

Kada ya wuce faɗin santimita uku zuwa huɗu, saboda littattafan cikin akwati ƙanana ne. Kuma laƙabi kawai ake sawa, ban da cikakken suna ko lambar waya, tunda kowa na iya buɗe littafin.

7. Raba kwana biyun

Asabar da safe ita ce ta doguwar tafiya, lokacin ƙafa na da ƙarfi kuma rana na gaba. Yammacin Asabar na ƙananan da ke kusa da masauki. Lahadi ka jera waɗanda ke kan hanyar komawa gida. Ware wa kowane akwati minti 20 na nema da bugawa, ban da tafiyar zuwa wurinsa.

Duba lokacin faɗuwar rana. A kudancin Ingila cikin Disamba, wajen ƙarfe huɗu rana ta faɗi, a Yuni kuwa tana kaiwa bayan tara. Wannan ya shafi salla ma: a hunturu Azahar, La'asar da Magariba suna zuwa kusa da kusa, duk a cikin daji za su same ka. Ɗauki 'yar darduma mai ninkewa. Kamfas ɗin da ke hannunka zai ba ka alƙibla, daga Dartmoor wajen digiri 114 ne.

Gargaɗi mai nauyi ga masu zuwa Dartmoor: sojoji na atisayen harbi da harsashi mai rai a filaye uku, Okehampton, Merrivale da Willsworthy. Ana wallafa ranakun harbi a shafin gwamnatin Birtaniya, duba kafin ka fita. Jar tuta da rana ko jar fitila da dare na nufin ba shiga. Cranmere Pool, inda akwatin farko yake kuma kowa ke burin zuwa, a cikin filin Okehampton yake, ga taɓo ta kowane gefe. Ba wurin fara koyo ba ne. Idan ka ga wani ƙarfe a ƙasa cikin waɗannan filaye, kada ka taɓa. Hazo kuma kan rufe tudun cikin 'yan mintuna, don haka ka gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowarka. Lambar gaggawa 999 ce a Birtaniya, 911 a Amurka.

8. Kamfas da taku

Idan kwatance ya ce "taku 30 a digiri 240", juya farantin kamfas har 240 ya zo kan layin gaba, riƙe shi a kwance daidai ƙirjinka, juya jikinka har jan kan allura ya zauna a kan alamar arewa. Inda kibiyar ke nunawa, nan za ka. Zaɓi wata bishiya ko dutse a can gaba ka nufe shi, kada ka tafi kana kallon kamfas.

Rikicin yana wurin taku. Wasu marubuta kowace ɗaga ƙafa suke ƙirgawa, wasu sai ƙafa biyu suke ƙirga ɗaya. Idan ka ƙirga 30 ba ka ga abin da aka kwatanta ba, ƙara wasu 30 kafin ka yanke ƙauna. Kuma tsawon ƙafar marubucin ba naka ba ne, sai ka buɗe ido tun kafin ƙirgen ya cika.

Kwatancen Dartmoor yakan zo da digiri uku ko huɗu zuwa tsaunuka ko bishiyoyin da ake hange. Aikinka ka yi ta matsawa har duk su dace a inda kake tsaye. Tsohon kwatance na iya kaucewa da 'yan digiri, domin arewar maganaɗisu na gusawa da shekaru.

Gargaɗi: waya, makullin mota ko shingen ƙarfe kusa da kamfas suna karkatar da allura. Sannan kada ka zura hannu a rami kafin ka zura sanda. A Dartmoor akwai maciji mai dafi da ke shan hantsi a kan duwatsu lokacin zafi, a Amurka ga macizai ga wani ganye mai ƙunshi uku-uku da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Kaska kuwa tana ko'ina cikin dogayen ciyayi, kuma tana ɗauke da cutar Lyme. Cusa ƙafar wando cikin safa, ka duba jikinka da dare.

9. Idan ka same shi

Kafin ka taɓa, kalli yadda aka ɓoye shi, wane dutse ke kan wane. Duba ko akwai masu wucewa, idan akwai, jira su wuce. Ɗauki akwatin ka matsa 'yan taku daga maɓoyar kafin ka buɗe, don kada zamanka ya nuna wurin.

Buga hatimin akwatin a littafinka, rubuta sunansa da kwanan wata. Buga naka a nasa da laƙabinka da garin da ka fito. Goge tawadar da tsumma, mayar da littafin cikin ledarsa, rufe murfin har ka ji ya kama ta kowane gefe. Idan ledar ta yage, sauya ta da taka. Mayar da shi yadda ba za a hango shi daga kowace kusurwa ba.

Gargaɗi: hatimin ba kyauta ba ne, ba a ɗauka, ba a musanya shi da wani abu. Masu zuwa daga wasan Geocaching sun saba ɗaukar abu su ajiye wani, kuma ta haka hatimai da yawa suka salwanta. Abu ɗaya ake tafiya da shi: wani ƙaramin hatimi da littafinsa a leda daban, da aka rubuta masa cewa matafiyi ne. Shi ana so ka kai shi akwati na gaba. Idan ka san ba za ka sake fita ba sai bayan watanni, bar shi ga wani.

10. Idan ba ka same shi ba

Ba shi minti 15 zuwa 20. Koma wurin ƙarshe da ka tabbata da shi a kwatancen, sake karantawa a hankali, gwada takun ninki biyu. Idan bai fito ba, wuce na gaba. Kada ka tone ƙasa, kada ka tuge ciyawa, kuma kada ka rushe katangar dutse ko tarin duwatsun da ka gani a Dartmoor. Da yawansu kayan tarihi ne na dubban shekaru, kuma ƙa'idar wasan ta hana ɓoye akwati a cikinsu, don haka ba ya nan.

Da ka dawo gida, shiga shafin da ka samo kwatancen ka rubuta wanda ka samu da wanda ba ka samu ba, da ranar. Idan littafin ya jiƙe, ya cika, ko murfin ya fashe, aika wa mai akwatin saƙo ta shafin ka faɗa masa. A bayanin da kowa zai gani kada ka sa hoton hatimin, kada kuma ka faɗi dutsen da yake ƙarƙashinsa. "Na same shi ranar Asabar, littafi a bushe, saura shafi shida" ya wadatar.